Kwalejin al'umma ta gwamnati a Amurka: ƙanina zai shiga, me ya kamata mu sani?

Hajara_Aboabo:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙanina ya iso New York daga Kumasi watannin baya, Baba ne ya yi masa takardu, yana da koren kati, wato takardar zama na dindindin. Shekararsa 19, ya gama sakandare, sakamakon WASSCE ɗinsa ba laifi. Shi injiniya yake so ya karanta. Baba ya ce ya fara da kwalejin al'umma ta nan Bronx saboda kuɗin jami'a ya fi ƙarfinmu, amma yaron ya ɓata rai, wai abokansa sun ce makarantar waɗanda suka kasa samun jami'a ce. Ni ban yi karatu a ƙasar nan ba, aikin kula da tsofaffi nake yi. Don Allah waɗanda suka bi ta wannan hanya ku faɗa mana gaskiya. Ɓata lokaci ne ko hanya ce? Me ya kamata mu sani kafin ya cike fom?

Malam_Lissafi:
Wa alaikumus salam, 'yar uwa. Baba ya yi hangen nesa. Ina koyar da lissafi a irin waɗannan kwalejoji, kuma littafin da nake koyar da kalkulas da shi, shi ne dai wanda ake amfani da shi a jami'o'in da ke kusa da mu. Digirin farko a nan galibi kiredit 120 ne, kiredit kuwa shi ne ma'aunin da ake ƙirga darussan da ka ci da shi. Kwalejin al'umma tana ba ka rabin farko, kiredit 60 a shekara biyu, da takardar da ake kira asoshiyet, sai ka koma jami'a ka ƙarasa. Takardar digirin da zai karɓa a ƙarshe sunan jami'ar da ya ƙarasa ne a kanta.

Kuma ba sabon tsari ba ne. Joliet Junior College a jihar Illinois tun 1901 take aiki. A Bronx ɗinku akwai guda biyu ƙarƙashin CUNY, wato jami'ar gwamnati ta birnin New York, Bronx Community College da Hostos. Ki faɗa wa ƙaninki ajin ba ya cika irin na manyan jami'o'i, malami zai san sunansa, ga wanda ya zo baƙo wannan babbar riba ce.

DanNima_NYC:
Anti Hajara, kafin komai ki lissafa watanninsa a New York. CUNY ba ta ba ka farashin ɗan gari sai ka cika wata 12 a jihar, shida na ƙarshe a cikin birnin. Ɗan gari yana biyan dala 2,400 a zangon karatu. Wanda bai cika ba, dala 320 a kan kowane kiredit, ke nan kiredit 12 ya kama dala 3,840. Ku ajiye duk takardar da ke nuna sunansa da adireshi da kwanan wata: takardar banki, katin shaida na jiha, takardar haya idan da sunansa.

Hajara_Aboabo:
Na gode ƙanina. Bai kai shekara ba tukuna. To ya jira ke nan?

DanNima_NYC:
Ni dai da nawa ne, jira zan sa ya yi, ya kama aiki ya tara wani abu.

Ummu_Sadiq:
A'a, ban goyi bayan jiran nan kai tsaye ba. Yaro ɗan 19 ya fara karɓar albashin mako a shago ko gidan abinci, wallahi mayar da shi aji aiki ne. Na ga yaranmu da yawa da suka ce "wata shida kawai", yau shekara nawa suna tuƙa mota. Ku fara cike FAFSA, fom ɗin neman tallafin karatu na gwamnatin tarayya, ku ga abin da zai samu. Tallafin Pell na gwamnatin tarayya ne, bai nemi ka cika shekara a jiha ba, mai koren kati ya cancanta, kuma ba bashi ba ne. A shekarar karatu ta 2024 zuwa 2025 mafi yawansa dala 7,395 ne. Nawa zai samu ya danganta da kuɗin shigar Baba, domin ɗan ƙasa da shekara 24 da bai yi aure ba sai an saka bayanan harajin iyaye. Idan Pell ya rufe mafi yawan kuɗin, me ake jira?

DanNima_NYC:
Hajiya, maganarki a kan hanya take. Ni tsoron bashi ne ya sa na faɗa.

Baba_Alhaji_Bronx:
Hajara 'yata, ki ce wa yaron ya zo masallaci bayan Juma'a ya ga samarin da suka bi ta nan. Akwai nas, akwai akanta, akwai mai aikin kwamfuta. Abokan da suke zuga shi, su wa za su biya masa? Sannu ba ta hana zuwa. Allah ya yi masa albarka.

Injiniya_Sokoto:
Zan ɗan yi tsawo, a yi haƙuri, don abin da zan faɗa shi ne ya fi cin mutane.

Shiga ba wuya, ƙofar a buɗe take ga duk mai takardar sakandare. Fita da abin da ka je nema shi ne aikin. Binciken cibiyar nazarin kwalejojin al'umma ta Jami'ar Columbia ya nuna kusan kashi 80 cikin 100 na masu shiga suna da niyyar digirin farko, amma kusan kashi ɗaya cikin uku ne ke komawa jami'a, kuma waɗanda ke samun digirin cikin shekara shida ba su kai kashi 20 ba. Ba don ba su da ƙwaƙwalwa ba. Aiki, haya, iyali, da kuma ɗaukar darussa barkatai.

A 2017 ofishin binciken ayyukan gwamnati na Amurka, GAO, ya ƙiyasta cewa ɗaliban da suka sauya makaranta suna asarar kusan kashi 43 cikin 100 na kiredit ɗinsu. Ku duba wannan adadi da kyau. Ka biya, ka zauna, ka ci jarrabawa, ka je jami'a a ce ba a karɓa ba, ko a karɓa a matsayin darasin zaɓi wanda ba ya rage maka komai a kwas ɗinka.

Don haka ku sani, takardun asoshiyet ɗin iri-iri ne. AA da AS an tsara su ne don mai komawa jami'a. AAS an tsara ta ne don mai fita ya kama aiki kai tsaye. Ƙaninki mai son injiniya ya nemi AS a kimiyyar injiniya. Akwai wani kwas mai kama da shi a suna, fasahar injiniya, wanda galibi AAS ne, lissafinsa da fizis ɗinsa sun fi sauƙi, kuma yawancinsu ba sa shiga digirin injiniya. Ni haka aka yi min a wata kwaleji da ba zan kira sunanta ba, mai ba da shawara ya saka ni a na biyun ba tare da ya tambaye ni inda na dosa ba, sai da na sake darussa da dama.

Ya zaɓi jami'ar da yake so tun zangon farko. Idan City College ta CUNY ce, makarantar injiniyarta Grove tana da nata sharuɗɗan shiga, ya buɗe shafinsu ya ga darussan da suke nema da makin da suke so, ya bi su ɗaya bayan ɗaya.

Malam_Lissafi:
Injiniya ya faɗi gaskiya. Ƙari ɗaya: a cikin CUNY akwai tsarin Pathways tun 2013, darussan gama-gari suna bin ka daga wannan kwaleji zuwa waccan. Amma darussan ainihin kwas sai an bincika. Kuma injiniya tsani ne, kalkulas na ɗaya sai na biyu sai na uku, fizis yana jiran kalkulas. Idan aka ajiye shi a matakin lissafi na ƙasa, shekara biyun ta zama uku. Ya zauna ya maimaita aljebra da tirigonometiri tun yanzu, kafin a tantance matakinsa.

Yar_Maradi:
Sannunku. Ni daga Greensboro nake, a Carolina ta Arewa, mu 'yan Nijar muna da yawa a nan. Namu tsarin daban ne kaɗan. Kwalejinmu ita ce Guilford Technical, ɗan jiha dala 76 yake biya a kiredit, baƙo dala 268. Mu matsalarmu Turanci ce, tunda da Faransanci muka yi bakaloriya. Shawarata ga 'yan uwana masu Faransanci, ku fara da ajin Turanci na manya wanda ake yi kyauta, kada ku ƙone kuɗin Pell a darussan share fage. Pell yana da iyaka, kwatankwacin zango 12 na cikakken karatu a duk rayuwarka. Abin da ka ci a farko ba za ka same shi a jami'a ba, inda kuɗin ya fi yawa.

Hajara_Aboabo:
Ikon Allah, ban san yana da iyaka ba. Shi Turancinsa lafiya lau, sai dai saurin maganarsu ne ke ba shi wahala.

Yar_Maradi:
Wannan kunne ne, zai saba, Yaya.

Kanon_Dabo22:
Salam. A gafarce ni na shigo da tawa. Ni ina Kano, na gama sakandare. Wani ejan ya ce zai samo min gurbi a kwalejin al'umma a Amurka, wai arha ce kuma zan yi aiki in biya da kaina. Ya nemi kuɗi masu yawa. Gaskiya ne?

Injiniya_Sokoto:
Ƙanina, riƙe kuɗinka. Duk abin da aka faɗa a sama na Pell da farashin ɗan gari, na 'yan ƙasa ne da masu koren kati da 'yan gudun hijira. Mai bizar ɗalibi, F-1, ba ya samun ko ɗaya. Farashin baƙo zai biya. Kafin makaranta ta ba ka takardar I-20, wadda da ita ake neman bizar ɗalibi, sai ka nuna kuɗin shekara guda a banki, na karatu da na zama. Sannan kuɗin SEVIS, rajistar ɗalibai baƙi ta gwamnati, dala 350, kuɗin neman biza dala 185. Dole ka ɗauki kiredit 12 ko fiye kowane zango. Aikin da doka ta yarda maka a farko na cikin makaranta ne kawai, awa 20 a mako lokacin karatu, kuma wannan ba zai biya haya ba balle kuɗin makaranta. Yawancin kwalejojin nan ba su da ɗakin kwanan ɗalibai.

Kuma ba ka bukatar ejan. Fom ɗin yana shafin makarantar.

Lauya_ba_Lauya_ba:
Akwai abin da ya fi wannan ma. A watan Yunin 2025 gwamnatin Amurka ta fitar da dokar hana shiga da ta haɗa da Chadi da Sudan. A Disambar 2025 aka faɗaɗa ta, Nijar ta shiga jerin hani, Nijeriya kuma aka taƙaita mata wasu bizoji har da ta ɗalibai. Duk ejan ɗin da bai fara maka da wannan maganar ba, aljihunka yake kallo. Ka duba shafin ofishin jakadancin Amurka da kanka, ka tuntuɓi EducationUSA, suna da ofis a Abuja da Legas, su ne hukumar da gwamnatinsu ta ɗora wa ba ɗalibai shawara.

Kanon_Dabo22:
Innalillahi. Allah ya saka da alheri, har na fara maganar sayar da filin gado.

Baba_Alhaji_Bronx:
Kada ka taɓa filin nan, yaro. Ka nemi BUK ko wata a gida, ka yi digirin farko da kyau, ƙofar digiri na biyu tana nan.

Malama_FCE:
Ƙari ga Kanon_Dabo da duk mai niyyar komawa gida. NYSC digirin farko ko HND take karɓa. Wanda ya tsaya a asoshiyet ya dawo Nijeriya, takardar shekara biyu ce a hannunsa, kusa da matsayin ND. Bambancin shi ne mai ND idan ya bi DE, wato shiga jami'a kai tsaye, galibi aji biyu ake kai shi, a Amurka kuwa idan kiredit ɗinka sun shiga duka aji uku za ka fara. Don haka ko dai a ƙarasa, ko a san abin da aka tsaya a kansa.

Nas_Din_Dare:
Ni ban yarda da yadda ake maganar kamar dole sai an koma jami'a ba. Injiniya ya kawo alƙaluma kamar duk wanda bai yi digiri ba ya faɗi. Ni asoshiyet na yi a aikin jinya, na ci jarrabawar lasisin nas ta NCLEX, irin wadda mai digiri yake ci, lasisinmu ɗaya. Da shi nake ciyar da gidana da na iyayena a Zinder. Akwai masu hoton ƙashi, masu kula da numfashi, masu tsabtace haƙori, masu gyaran na'urar sanyi da ɗumi, duk shekara biyu ne ko ƙasa, kuma suna samun abin rufin asiri fiye da wasu masu digiri. AAS ba tarko ba ce, tarko ce kawai ga wanda bai san ita ya ɗauka ba.

Amma kada a ruɗe ku, shiga kwaleji daban, shiga sashen jinya daban. Sai ka yi darussan sharaɗi irin su ilimin sassan jiki da kemistiri, ka fito da maki mai kyau, sannan ka yi takara da ɗaruruwa a kan kujeru kaɗan.

Injiniya_Sokoto:
Hajiya, ban raina AAS ba ko kaɗan. Na yi magana ne a kan yaron da ya ce injiniya yake so. Amma ko ku ma a New York akwai dokar 2017 da ta ce sabbin nas su samu digirin jinya cikin shekara 10 da karɓar lasisi.

Nas_Din_Dare:
Haka ne, amma kana aiki kana karatun, kuma asibitoci da dama suna taimakawa da kuɗin. Ba ɗaya ba ne da zama shekara huɗu babu albashi.

Ummu_Sadiq:
Mu dawo kan yaron Hajara. Akwai shirin da ake kira ASAP a CUNY, tun 2007. Suna ba da katin shiga jirgin ƙasa da bas, taimakon littattafai, suna cike giɓin kuɗin makaranta ga wanda ya cancanci tallafi, sannan mai ba da shawara guda ɗaya da zai riƙa ganinsa a kai a kai. Binciken da aka yi a kansa ya nuna ya kusan ninka yawan masu kammalawa cikin shekara uku. Sharaɗinsa cikakken karatu, kuma sai mai farashin ɗan gari. Ɗiyata ta bi ta cikinsa, ni a ganina wannan mai ba da shawarar ya fi katin jirgin amfani. Ku tambaya tun ranar farko, kada ku jira a faɗa muku.

DanNima_NYC:
To kun gani, Hajiya, ke da kanki kin kawo hujjar jira. Idan sai mai farashin ɗan gari, ya bari shekarar ta cika ya shiga da ASAP da TAP gaba ɗaya. TAP tallafin jihar New York ne, shi ma wata 12 yake nema. Kuma wanda ya gama sakandare a wajen Amurka sai ya ci wata 'yar jarrabawa ta musamman kafin a ba shi, ku tambayi ofishin tallafin kuɗi.

Ummu_Sadiq:
Ko kuma ya ɗauki darasi biyu yanzu, lissafi da Turanci, don kada hannunsa ya yi sanyi. Ni zaman banza nake tsoro.

Malam_Lissafi:
Kafin ya ɗauki ko darasi ɗaya ya je ofishin ASAP ya tambayi ko hakan zai taɓa cancantarsa, don suna da iyakar kiredit ɗin da mutum zai shigo da su.

Wani abu da ɗalibaina suke sani a makare: tallafi yana da sharaɗin ci gaba. Galibi matsakaicin maki 2.0 cikin 4.0, da cin kusan kashi biyu cikin uku na darussan da ka yi rajista. Yaro zai ɗauki darasi biyar, yana aikin dare, tsakiyar zango ya janye daga uku. Yana ganin ya tsira daga faɗuwa, alhali janyewar ma ana ƙirga ta. Zango biyu a haka, an tsayar da tallafi, wani lokaci ma a ce ya mayar da wani ɓangare. A nan iyali suke da rawar takawa. Idan kuna so ya yi karatu, kada a ɗora masa haya da kuɗin aikawa gida a shekarar farko. Ina faɗar wannan da ciwo a raina, don na ga haziƙan yaranmu suna gyangyaɗi a aji ƙarfe takwas na safe bayan sun kwana a tsaye.

Hajara_Aboabo:
Malam, wannan maganar ta shige ni. Zan karanta wa Baba ita da kaina. Dama akwai masu kira daga gida tun satin da ya sauka.

Abu_Hanifa_Ohio:
Ba wanda ya taɓo bashin karatu. Bayan FAFSA za a nuna masa tayin bashi tare da tallafin a shafi ɗaya, yara da yawa suna danna amincewa da duka. Bashin yana da ruwa. Ba dole ba ne a karɓa, ana iya ɗaukar tallafin a bar bashin. Ni wannan ne babban dalilin da ya sa na tura 'ya'yana Columbus State kafin Jami'ar Jihar Ohio, don mu kauce wa riba iya ƙarfinmu. Mafi yawan kwalejoji suna da tsarin biya kashi-kashi cikin zango.

Sabon_Shiga:
Malamai sun yi saɓani a kan bashin karatu idan larura ce fa.

Abu_Hanifa_Ohio:
Na sani, ɗan uwa, ba fatawa na bayar ba. Na ce ne inda akwai hanyar kaucewa a bi ta.

Yar_California:
Ga wanda yake ganin kwalejin al'umma ƙasƙanci ce, ya zo California ya gani. Kwalejoji 116, ɗan jiha dala 46 a kiredit. Rassa shida na Jami'ar California suna da yarjejeniyar tabbacin gurbi, TAG, ga wanda ya cika sharuɗɗa: Davis, Irvine, Merced, Riverside, Santa Barbara da Santa Cruz. Berkeley da UCLA ba sa ciki, amma su ma suna ɗaukar ɗalibai masu yawa daga kwalejoji, Santa Monica College ta yi suna a wannan. 'Ya'yan masu hali ma suna bi ta nan da gangan. Wanda ya riƙe maki sosai ya shiga ƙungiyar haziƙan ɗalibai ta Phi Theta Kappa, ya kuma nemi tallafin gidauniyar Jack Kent Cooke na masu komawa jami'a, yana kaiwa dala 55,000 a shekara, sai dai takararsa da zafi.

DanNima_NYC:
Gargaɗi ɗaya, Anti. Da zarar ya saka lambarsa a intanet yana neman makaranta, za a yi ta kiransa daga makarantu masu zaman kansu na kasuwanci, da alƙawarin gamawa da wuri. Ku tabbatar ta gwamnati ce, CUNY ko SUNY ta jihar New York. A cikin irin na kasuwancin nan, Corinthian ta rufe a 2015, ITT Tech a 2016, ɗalibai dubbai suka tashi da bashi da kiredit ɗin da makarantu da yawa ba su karɓa ba.

Hajara_Aboabo:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Na nuna masa duk abin da kuka rubuta, jikinsa ya yi sanyi, har ya buɗe shafin City College yana dubawa. Maganar jira ko farawa ce har yanzu ba mu yanke ba, Baba yana gefen DanNima, ni ina gefen Hajiya Ummu Sadiq. Tambaya ta ƙarshe: sakamakon WASSCE ɗin nasa, sai mun biya WES, masu tantance takardun karatu na ƙasashen waje, sun tantance ko makarantar za ta karɓa haka?

Injiniya_Sokoto:
Kada ku biya kowa sai kun tambayi ofishin ɗaukar ɗalibai, kowace makaranta da nata tsarin. Ku tanadi asalin takardar da katin duba sakamako na WAEC, ana yawan nemansa.

Sabon_Shiga:
Ni kuma tawa tambayar, darussan ranar Juma'a fa? Ana iya tsara jadawali a kauce wa lokacin salla?

Malam_Lissafi:
Kai kake zaɓar lokutanka, amma wanda ya riga yin rajista shi ke samun zaɓi. Darussan ɗakin gwaji su ne suka fi faɗowa Juma'a da rana, kuma su ne suke fara cika. Ranar da aka buɗe rajista ka shiga da sassafe.